Jan Ɗumin Gwaggo

Shekara uku ke nan rabona da jin ƙamshin komai, kuma har zuwa ɗarin bana ban taɓa buɗe baki na faɗa wa kowa ba. Ciwon nan na numfashi da ya zaga duniya shi ya kwantar da ni. Na tashi, alhamdulillahi, ƙafa ta dawo, murya ta dawo, amma hanci ya tafi bai yi sallama ba. Harshena yana gane zaƙi da tsami da gishiri, yana jin zafin citta in ta cije shi, iyakarsa ke nan. Turare da ruwan famfo duk ɗaya suke a wurina. Rannan shinkafa ta ƙone ƙurmus ina zaune kusa da ita ina tsintar wake, ban sani ba sai da ƙararrawar hayaƙi ta ɗauki ihu a saman kaina. Na ce wa mutanen gida gyangyaɗi ne ya sace ni. Tsohuwa da gyangyaɗi ba abin mamaki ba ne, suka yi dariya, maganar ta wuce.

Da hancin kawai na rasa da na haƙura, don a wannan gari akwai abubuwa da yawa da rashin jin warinsu rahama ne, wanda ya taɓa shiga jirgin ƙasa a tsakiyar zafi ya san abin da nake nufi. Abin da ke hana ni sukuni shi ne akwai wani abin sha na gidanmu da ba ya rubuce a ko'ina, ba ya cikin mudu, ba ya cikin cokali. A hancina kaɗai yake zaune, kuma ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka iya shi. Jan ɗumi muke ce masa. Zoɓo ne, amma ba irin wanda yara ke sha da ƙanƙara a leda ba. Da zafinsa ake shan sa, da citta da kanumfari da masoro da kimba da ɓawon lemo, a zaƙaƙa shi da mazarƙwaila. Gwaggo, yayar babanmu, ita ke dafa shi, ita ma daga wajen kakarta ta karɓa.

Garinmu garin rake ne. In ɗari ya shigo, abin da ke fara tashinka ba zakara ba ne, kukan injin matsar rake ne daga bayan gari, doki na zagayawa yana jan sa, ƙarfe na ƙara ƙiii, ƙiii, mai doki na yi masa waƙa da muryar wanda bai gama farkawa ba. Sai ka ji guga ta faɗa rijiya, sai tarin tsofaffi a hanyar masallaci, sai taɓarya. Taɓaryar Gwaggo daban take. Ƙaramin turmi take da shi na kayan yaji kaɗai, wanda ba ta yarda ko barkono ya shiga ba, kuma dakanta gajere ne, uku uku, sai ta tsaya ta sunkuya ta shinshina. Mu 'yan mata aikinmu tun kaka yake farawa. Mu ake turawa gona cirar zoɓo, mu dawo hannuwa sun yi ja suna ƙaiƙayi, mu ɓare, mu shanya a kan soro, mu zauna gadin kaji. Wanda duk ya sha lemo a gidan nan ba ya yar da ɓawon, sai ya fere shi dogo bai tsinke ba, ya rataya a ƙusa a ɗakin girki. Kimba a toka ake gasa ta. Mazarƙwaila kuwa da ɗuminta ake kawo ta daga bayan gari, mu bi mai kawowa muna roƙon gutsure.

Gwaggo takan dafa zoɓon tukuna ta tace, sannan ta janye itace ta bar garwashi, ta mai da tukunya, ta fara zuba kayan ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ba a barin ta ta tafasa. “Tukunyar da ta yi kuka ta mutu,” haka take cewa, kuma in ta kama ki kin tura kara a wuta don ki yi sauri, ranƙwashinta sai kin ji shi har azahar. Maza in sun dawo daga masallaci kowa ya miƙo kwano. Mai jego ta sha, mai mura ya sha, masu ban ruwa a fadama a zuba musu a gora su tafi da shi. Ba a shan sa a tsaye, ba a shan sa da gaggawa. Yanzu ina kallon mutane a titin Fordham, a nan Amurka, kowa riƙe da kofin takarda, yana kurɓa yana gudu yana magana a waya, in tambayi kaina ko akwai wanda ya san abin da ke cikin kofinsa.

Shekarar da aka sa ni makaranta na koyi ƙirga da zane-zane, huɗu a tsaye ɗaya a gicciye, sai kaina ya kumbura. Na ga wahalar banza Gwaggo take yi da shinshine-shinshine. Na sami gawayi, na laɓe bayan murhu kwana bakwai ina leƙen hannunta, ina zanawa a bango: kanumfari kaza, masoro kaza, citta yatsa kaza. Ran na takwas ta gani. Ba ta dake ni ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta ce, “Malama, gobe ke da bangonki za ku dafa mana.” Na dafa, ban kauce wa zane ko ɗaya ba. Babanmu ya kurɓa, ya sarƙe, hawaye ya zubo masa, ya ajiye kwano ya ce yau azumin nafila yake ji. Ashe a ranar sabuwar citta aka fasa, ta kudu, mai zafin bala'i. Gidan nan kaf aka fita aiki babu ɗumi a ciki saboda ni.

Gwaggo ta miƙo min tsumma da ruwa na goge bangon da hannuna ina kuka. Sannan ta cire ɗankwalina ta ɗaure min ido da shi, ta zaunar da ni a gaban tukunya. “Cittar bana ba ta bara ba ce,” ta ce. “Zoɓon tudu ba na fadama ba ne. Bango bai san wannan ba. Ja numfashi.” Haka muka yi ta yi kowace safiya, har ɗarin shekara biyu cur, ido a ɗaure, tana zuba abu tana tambayata me ya shiga, me ya rage, me ya yi yawa. Wata safiya tururi ya taso, na ji kanumfari ya daina faɗa da lemo, sun kwanta tare, kimba na can ƙasa tana riƙe da su. Na ce, “Ta yi.” Ba ta yabe ni ba, Gwaggo ba ta yabo. Ludayi kawai ta sa min a hannu ta fita shanya.

Da wannan hancin na zo Amurka, kuma na yi alfahari da shi fiye da yadda ya kamata. Cittar da ake sayarwa a shagunan 'yan uwanmu na Bronx ba irin tamu ba ce, mazarƙwaila sai an roƙi mai zuwa daga gida, murhu na gas ne, amma hanci ya daidaita komai. 'Yata ta tashi tana sha. Da ta girma ta zama ma'aikaciyar jinya, wata rana ta shigo kicin da littafi da wasu cokula a sarƙafe kamar makullai, ta ce in dafa a hankali tana aunawa. Na yi dariya har da riƙe ciki. Na karɓe cokulan na jefa a durowa, na maimaita mata maganar Gwaggo kalma bayan kalma, na ji daɗin kaina. Abin da ban yi ba shi ne ɗaure mata ido. Yaushe? Ita tana bin jirgin asuba zuwa asibiti, ni ina shagon kitso a Harlem a tsaye a kan mutane har magariba. Kullum ina cewa sai an sami sarari. Na hana ta cokali, ban ba ta hanci ba, kuma ba ta sake tambaya ba.

Bayan ciwon na ci gaba da dafawa da ka, hannu na zubawa yadda ya saba, ina sunkuyawa ina shinshina na ƙarya don kada a gane. Suna sha suna cewa sannu da aiki. Na ɗauka asirina a rufe yake.

Jikata, ɗiyar 'yar tawa, tana jami'a a nan cikin gari. Ƙawata nake ce mata. Tana jin Hausa sarai, amma in za ta mayar sai ta haɗa da Turanci, kamar mai gyaran tuwo da biredi. Ita ta matsa min bana sai na raka ta kasuwar da ake kafawa a wani lambu a Manhattan gabanin Kirsimeti, rumfunan katako da fitilu, ana sayar da kyandir da safar hannu da tarkacen da ba wanda yake bukata. Muna cikin tafiya ta ja ta tsaya a gaban wata rumfa, ta rufe ido. Wani tsohon Bature ne da babbar tukunya, abu ja wur a ciki, yankakken lemo na yawo a sama.

“Kaka, wannan smell ɗin,” ta ce. “Exactly kicin ɗinki na da.”

“Na da?” na ce.

Ta buɗe ido, ta kalli takalminta. “Na yanzu ma, Kaka.”

Labarin zuciya a tambayi fuska. Na ce ta tambaye shi mene ne a tukunyar. Da ta ce min giyar inabi ce aka ɗumama, na ja da baya ina a'uziyya, na tattare mayafina. Tsohon bai ji haushi ba, surutu ne da shi kamar wanzami. Ya yi ta bayani tana juya min. Ya ce abin ya tsufa ƙwarai, tun zamanin Rumawa ake ɗumama giya da zuma da kayan yaji, kuma a da magani aka ɗauke shi, na sanyi da na ciki. Ya ce akwai lokacin da kanumfari da kirfa sai gidan masu hali, don daga nesa ake kawo su. Ya ce a ƙasarsu kowane gida da irin nasa haɗin, kuma in ɗari ya yi a kasuwa ake tsayawa a sha, kowa ya ɗumama hannu da kofinsa. Sannan ya ɗaga yatsa ya faɗi wani abu da ƙarfi, ƙawata ta yi dariya ta ce, “Wai ba a bari ya tafasa, in ya tafasa ya lalace.” Na ji kamar a ce Gwaggo ce ta yi magana ta bakin mai sayar da giya. Ya nuna min wata 'yar takarda da ya manna a jikin rumfa, rubutun hannun kakarsa, komai da adadinsa. Na daɗe ina kallon takardar nan ko da ban iya karanta ta ba, kuma hassada na ji, ba wani abu ba.

A jirgi muna komawa na faɗa mata gaskiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce hancina ya mutu, na ce kada ta gaya wa uwarta. Ta riƙe hannuna har muka sauka. Kafin mu kai gida na riga na ƙulla abin da zan yi, ko da yake na san hauka ne. Tunda yarinyar nan ta ce tukunyar Bature ta yi kama da tawa ta da, to ita ce madubin da ya rage min a duniya. Za ta je ta shaƙa, mu dawo in dafa, ta gaya min inda na kauce. Kwana tara suka rage a tashi kasuwar.

Haka muka yi ta zarya. Ta tsaya a gaban rumfa ta cika hanci, ni ina gefe ina jan carbi ina neman gafara. Mu ruga jirgi, kusan awa guda a hanya, ga mai cin soyayyar kaza a kujerar gaba, ga jiƙaƙƙun riguna. Kafin mu hau bene abin ya gudu daga hancinta. In dafa, ta sunkuya, ta ce, “Kusa, Kaka, but something is missing.” In ce mene ne, ta ce ba ta san sunansa ba. In ƙara kimba ta ce ya yi nisa, in rage ta ce ya koma shayi. Ga shi ita giyar tana da nata warin, yarinya ba ta iya raba shi da na kayan yaji. Tukunya nawa na tuttular a kwatami, ban ƙirga ba. Mazarƙwailar da nake tattali tun bara ta kusa ƙarewa.

A kwana na biyar wani ɗan Maraɗi mai sayar da huluna a bakin lambun ya tare ni. Na san shi, muna haɗuwa a masallaci ranar Juma'a.

“Hajiya, ina wuni. Lahiya dai ko?” ya ce, yana kallon ƙasa. “Kwana nawa ina ganinki gaban tukunyar can. Ko ba ki san mi ne ne ciki ba? Wallahi du vin ne, Hajiya, giya ce.”

“Na sani, ɗana,” na ce. “Ba sha nake ba.”

“A'a, wa ya isa ya ce haka. Sai dai bakin mutane.”

Bakin mutanen bai ɓata lokaci ba. Washegari wata da muke zuwa tafsiri tare ta kira ni, ta yi ta kewaye-kewaye, wai ko akwai abin da ke damuna. Ni da ban taɓa bari a ga ko gashin kaina a titi ba, yau ga ni ana yi da ni a kan giya. Na ji kunya, na kuma koma washegari.

Ranar ƙarshe muka tarar har an fara kwance rumfunan gefe, ana ɗora katako a mota. Tsohon ya ce wannan ce tukunyarsa ta ƙarshe, kuma bai san ko baɗi zai dawo ba, gwiwoyinsa sun gaji. Ƙawata ta cire farin gyalen da ke wuyanta, ta roƙe shi, ya buɗe mata murfi, ta shimfiɗa gyalen a kan tururi har ya yi danshi. Ta naɗe shi ta cusa cikin rigar sanyinta, ta ce yau ƙamshin ba zai gudu ba.

Muka shigo gida muka tarar da 'yata a kicin, ba ta ko cire kayan aiki ba, tana kallon jan da zoɓo ya bari a kwatami. Maganar giyar ta kai mata. Ban tsaya ɓoye-ɓoye ba, na zauna a kujera na ce mata shekara uku ke nan ba na jin ƙamshi.

“Mun sani, Mama,” ta ce a hankali. “Tun tukunyar farko bayan kin warke.”

“Kun sani? Kuka yi ta sha kuna ce min sannu?”

“Ke kika koya mana ba a ce wa babba girkinsa bai yi ba.”

Ni na koya musu, kuma sun riƙe da kyau. Na tashi na ɗora tukunya da guntun mazarƙwailar da ta rage, na rage wuta, na zuba komai da iyakar abin da hannuna ya tuna. Na karɓi gyalen daga hannun ƙawata na miƙa wa 'yata. Na ce, “Ke kin sha na gaskiya fiye da shekara talatin. Shaƙi wannan, ki cire warin giyar a ranki, ki shaƙi tukunya, ki gaya min abin da ya rage. Don Allah, don darajar nonon da kika sha.”

Ta kai gyalen hancinta. Ta sunkuya kan tukunya. Ta sake komawa gyalen, ta daɗe, ido a rufe.

“Mama, ban sani ba,” ta ce. “Na san ba haka yake ba. Amma wanda na yi ta sha shekarun nan ya rufe min wancan. Ina nemansa ba na samu.”

Tukunya ta fara ƙara a bayanmu, ba wanda ya motsa ya kashe wuta.

Gyalen yana nan. Ba a salla da shi, ba a kuma wanke shi ba, na hana. Na ƙulle shi a leda biyu na sa a ƙasan akwatina, ko Allah zai sa wata safiya in tashi in ji hancina ya dawo, in sami abin da zan gwada da shi. Kullum bayan asuba nakan kwance ledar in kai shi fuskata, sannan in yi sauri in ƙulle don kada ya fice. Wataƙila ma ya riga ya fice tuntuni, tsumma kawai nake shinshina. Na kasa tambayarsu, don na san abin da za su ce min.